Neman shawara: keken alminiyam ya hana ni sakat, in koma na ƙarfe ko in karɓi na kabon?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara. Tun tasowata keken mahaifina nake hawa, na ƙarfe, mai nauyi, fentinsa duk ya koɗe, amma ban taɓa sauka daga kansa da ciwon jiki ba. Da Allah ya yi masa rasuwa sai yayana ya ce shi zai riƙe keken. Ban ja da shi ba don ba na son rigima a kan abin da marigayi ya bari, alhali ni nake sa masa mai, ni na canza masa sarƙa da birki. Na daɗe ina tara kuɗi har na sayi keken tsere mai firam ɗin alminiyam. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Amma da na shiga hanya mai gargada sai jijjiga ta bi hannuwana har kafaɗa, yatsuna su sage, ƙuguna ya riƙe. An ce min halin alminiyam ke nan. Yanzu an yi min tayin firam ɗin zaren kabon (carbon fibre) na hannu. In sayar da nawa in karɓa, ko in nemi na ƙarfe?

Mai Gyaran Keke: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ba ka faɗi faɗin tayarka ba, da yawan iskar da kake ba ta.

Tsohon Mahayi: Yaro, koma ƙarfe ka huta. Ƙarfe yana da sassauci, kuma in ya tsage mai walda zai ɗinke maka shi. Ruwa kawai za ka kiyaye. Nawa na ara wa wani maƙwabci, ya bar shi a waje damina guda, tsatsa ta ci bututun daga ciki. Har yau bai ce min ko sannu ba, kuma kullum muna haɗuwa.

Injiniya: Baba, da girmamawa, maganar nan ba haka take ba. In aka ɗauki sanduna biyu masu kauri ɗaya, ƙarfe ya fi alminiyam tauri kusan sau 3, kuma ya fi shi nauyi kusan sau 3: giram 7.8 a kowace santimita kubik, alminiyam kuwa 2.7. Wato alminiyam ne ma ya fi saurin lanƙwasa. Abin da ya sa kekensa ke da tauri shi ne girman bututu. In aka ninka faɗin bututu sau 2, kaurin bangonsa bai canza ba, taurinsa yakan ƙaru kusan sau 8. Masu ƙira suna faɗaɗa bututun ne da gangan, domin alminiyam yana gajiya in ana yawan lanƙwasa shi, a hankali ya tsage, shi kuwa ƙarfe in nauyin bai wuce wani mizani ba zai iya jurewa. Ku duba keken Vitus 979 na Faransa: alminiyam ne mai siraran bututu, kuma ƙorafin da aka yi a kansa shi ne ya cika laushi. Sai da kamfanonin keke Klein da Cannondale suka yaɗa manyan bututu a shekarun 1980 sannan aka fara cewa alminiyam yana dukan jiki. Bayan haka, firam mai kusurwa uku-uku ba ya wani lotsawa daga sama zuwa ƙasa, ko da me aka yi shi. Taya ce ke shanye mafi yawan jijjiga, sai sandar sirdi da sirdin kansa.

Mai Tambaya: Faɗin tayata milimita 23 ne. Ina ba ta iska daidai lambar da aka rubuta a gefenta, ban taɓa wucewa ba. Ni dai na san abin da jikina ke ji, keken Baba bai taɓa yi min haka ba.

Injiniya: To ka ga inda matsalar take. Lambar gefen taya iyaka ce, ba a ce lallai sai ka kai ta ba. Kuma na tabbata tayar keken Baba ta fi taka faɗi nesa ba kusa ba, kana zaune a miƙe, nauyinka ba ya kan hannuwa. Sa 28, ko 32 in firam ɗin zai ɗauka, ka rage iska.

Mai Kabon: Ni kam kabon nake hawa kuma akwai bambanci, kada wani ya ce babu. Ana jera zaren ne yadda ake so, a taurara wajen feda, a sassauta wajen sirdi. Amma na hannu? Ka yi hattara, ɗan'uwa. Na farko da na saya an rufe tsagarsa da fenti. Kabon ba ya lotsewa ka gani kamar ƙarfe, daga ciki yake rabewa. Wanda ya sayar min ya daina ɗaga wayata, kuma mutum ne da na yarda da shi.

Mai Gyaran Keke: Ga shi ba a ɗaure ƙusoshin kabon da ka, yawancin na sandar sirdi ba sa wuce Nm 5 ko 6 (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan). Ka matse da ƙarfi ka fasa bututun. Shi ma alminiyam nau'in 6061 in an yi masa walda sai an sake gasa shi kafin ƙarfinsa ya dawo.

Tsohon Mahayi: Duk lissafin nan naku bai hau keke ba. Tun 1935 ake yin kekuna da bututun ƙarfe na Reynolds 531, har yau ana hawan wasunsu.

Injiniya: Baba, daɗewa daban, daɗin hawa daban. Ƙanena, kada ka sayar da komai sai ka canza taya.

Mai Tambaya: Na gode muku duka. Amma ban sayi keken tsere don in sa masa ƙatuwar taya ba, gudu zai ragu. Kuma mai sayar min da kabon ɗin abokin aikina ne, ba zai cuce ni ba.

Injiniya: A hanya mai gargada taya mai faɗi ba ta rage gudu, siririya mai tauri ce ke tsalle tana ɓata maka ƙarfi. Manyan 'yan tseren duniya ma sun koma 28 zuwa sama.

Mai Gyaran Keke: Tsaya tukuna. Nawa ne tsayinka, kuma wace lamba ce firam ɗin? Sagewar yatsu sau da yawa daga miƙa hannu da nisa take zuwa.

Mai Tambaya: Ban san lambar ba, mai sayarwa ya ce ya yi min daidai. Abokin nawa ya ce akwai wani mai so, zuwa gobe yake jiran amsata. Akwai wanda ya taɓa hawan keke mai firam ɗin taitaniyam a cikinku?