Neman kalmar Hausa: bututun nan na bayan injin busar da kaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya muka buɗe zancen nan, yau ina so mu tsayar da magana. Injin busar da kaya yana da bututu a bayansa mai ratsa bango ya fita waje. Turawa na ce masa vent, bakinmu kuwa zai mai da shi "bent", wanda ba ya gaya wa kowa komai.

An kawo "bututun hayaƙi". Ban karɓa ba, domin lafiyayyen inji ba a ganin hayaƙi a bakinsa. Ranar da aka gani, an riga an makara. An kuma kawo "indararo", amma shi na ruwa ne. "Bututun iska" gaskiya ne, amma ya yi faɗi, na iyakwandishan ma sunansa ke nan.

Ni dai na tsaya a kan "bututun huci". Huci iska ce mai zafi da take fitowa daga cikin abu da ƙarfi, kamar hucin wuta, ko na wanda ya sha gudu. Haka injin yake yi: ya zuƙi iska, ya ɗumama ta, ya bi da ita ta cikin jiƙaƙƙun kaya, ta kwashi danshi, ya fesar waje. Abin da ya fi burge ni shi ne sunan da kansa yana koyar da gwaji. Kunna injin, ka zagaya waje, ka kara hannu a bakin bututun. In ka ji huci sosai, lafiya lau. In ɗan ɗumi ne kawai yake lallaɓowa, marfin da ke bakin bututun ko motsi ba ya yi, ga kaya sai an juya su sau biyu kafin su bushe, ga jikin injin ya ɗau zafi, to ya toshe.

Malama, na ga gyaranki cewa huci ya fi tafiya da fushi, Allah ya ƙara basira. Amma mai fushin ma ai iska mai zafi yake fitarwa, ma'anar ba ta kauce ba. "Tururi" da kika kawo ya yi kusa ƙwarai, sai dai tururi ganinsa ake yi, wannan kuwa sai ana sanyi yake bayyana ga ido.

Abin da ke toshe shi ma yana son suna, wato lint. Na ce "dusar zare", a kan hanyar dusar katako da dusar ƙanƙara. Burbushin da ke fita daga jikin tufafi ne. Rariyar injin tana tare mafi yawansa, ragowar ya wuce ya manne a bangon bututu mai danshi, musamman a kwana. Faɗin bututun inci 4 ne kacal. Shi ya sa ƙa'idar gini da ake bi a Amurka ta ce kada tsawonsa ya wuce ƙafa 35, kowace cikakkiyar kwana kuma a rage ƙafa 5. Busasshiyar dusar zare kuwa makamashi ce: hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta gobara kusan 2,900 a shekara daga waɗannan injuna a gidaje tsakanin 2008 da 2010, rashin tsaftacewa ne kan gaba a sanadi. Injin da ke amfani da gas ya fi haɗari, don iska mai guba tana iya komowa cikin gida.

Kalmar aikin tsaftace shi kuma muna da ita tuntuni: yasa, kamar yasar rijiya ko kwata. Ke nan "yasar bututun huci". Ka zare filogi, ka rufe gas, ka jawo injin, ka kwance bututun, ka zura dogon buroshi kana murzawa ta hannu ɗaya don kada sandunansa su warware a ciki, ka zuƙe abin da ya zubo, sannan ka leƙa bakin waje ko tsuntsu ya yi sheƙa. Aƙalla sau ɗaya a shekara. In bututun na roba ne mai tattara, don Allah a sauya shi da na ƙarfe mai santsin ciki.

Saura marfin nan na waje da huci ke ɗagawa. Wani ɗan'uwa ya ce "harshe", ban gamsu ba tukuna. Mai abin da ya fi, ya kawo.