Tsohuwar talabijin da kwalin kaset: me zan saya, me zan zubar?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Talabijin ɗina hotonta garau, amma ba ta shiga intanet, yara kuma sun matsa sai na sayo mai manhajoji a ciki. Ga kwali guda na kaset ɗin bidiyo da faifan DVD, uwargida ta ce ko in san yadda zan yi da su, ko ta fitar da su waje. Waɗanda suka riga mu shiga harkar nan, ku taimaka.

Nura: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai leƙa bayanta. In akwai ramin HDMI, ka bar batun sabuwa. Akwai 'yar na'ura mai kama da filashi da ake sokawa a wurin, irin su Fire TV Stick na Amazon ko Roku, sai talabijin ɗin ta koma ta zamani. Chromecast ma yana yi, sai dai Google ya daina ƙera shi a 2024. Dalilina shi ne manhajojin da ke zuwa a cikin talabijin sun fi allon saurin tsufa. Bayan 'yan shekaru kamfani ya daina sabunta su, su dinga nauyi, wasu su ƙi buɗewa, alhali allon lafiyarsa ƙalau. In 'yar na'urar ce ta tsufa, ita kaɗai za ka canza.

Zainab: Yaya Nura ka manta ka faɗa masa maganar data, kuma nan gizo ke saƙar. Lissafin Netflix da kansu: matsakaicin hoto yakan ci har giga 1 a awa, HD har giga 3, 4K kuwa har giga 7. Malam, in intanet ɗinka mai iyaka ne, ranar farko ka shiga saitin ka rage ingancin hoto, ka kuma kashe abin nan da ke ɗora kashi na gaba da kansa. Yaro zai yi barci a kujera, fim na ta tafiya har asuba.

Baba Iliya: Ku yaran nan, da an ce talabijin sai ku ce intanet. Habu, kada ka sauke eriyarka. Ita ma ta koma dijital. Amurka ta kashe manyan tashoshinta na analog a 2009, Birtaniya ta gama a 2012, sauran ƙasashe kowa da nasa lokacin. Zangon da a da tasha ɗaya ke cinyewa, yanzu tashoshi da dama ke hawa kansa. Duba takardar talabijin ɗinka ko akwai DVB-T2, shi ne tsarin da ƙasashe da yawa suka ɗauka. In babu, ƙaramar dikoda ta wadatar. Abin da na lura kawai, a da in sigina ta yi rauni hoto ya yi dishi-dishi amma kana gane mai magana. Yanzu sai ya farfashe gida-gida, ya ƙame, murya ta ɗauke. Don haka saita eriya da kyau ya fi da muhimmanci.

Jamilu: Wallahi Baba ya yi gaskiya a kan eriya, musamman wajen kallon ƙwallo. Mai kallo ta intanet yana baya da daƙiƙu masu yawa, sai ka ji ihun mai eriya kafin ɗan wasan naka ya karɓi ƙwallon. Amma batun faifai, Malam, a sallame su. Netflix ɗin nan da aika DVD ta gidan waya ya fara a 1998, ya shigo da kallo ta intanet a 2007, kuma a Satumbar 2023 ya rufe sashen faifan gaba ɗaya. Blockbuster da ke da shagunan hayar fim kusan 9,000 a 2004, yau ɗaya tak ya rage, a garin Bend na jihar Oregon. Me ake jira?

Hajiya Rabi: A'a Jamilu, ban yarda ba. Kuɗin watan da muke biya haya ce. Kamfanin ma sau da yawa hayar fim ɗin ya ɗauko daga masu shi na wani wa'adi, in wa'adin ya cika ba a sabunta ba, ka wayi gari babu shi, ko da kana tsakiyar kallo. Har wanda aka ce ka saya bai tsira ba. A ƙarshen 2023 Sony ya sanar da masu PlayStation cewa zai cire shirye-shiryen tashar Discovery da suka biya kuɗi suka saya, sai daga baya aka sasanta aka fasa. Faifan da ke cikin kwalinka babu mai aiko maka da irin wannan sanarwa. Malam, ka tace. Wanda kuke maimaita kallo ka ajiye, sauran ka ba masu so.

Jamilu: Hajiya, to faifai ai yana karcewa.

Hajiya Rabi: Yana karcewa in an bar wa yara suna wasa da shi. A mayar da shi gidansa, a riƙe shi ta gefe.

Nura: Ni kaset ɗin ne suka fi damuna, musamman in akwai waɗanda aka ɗauka na iyali. Fim kana iya sake samunsa, waɗancan kuwa in sun tafi sun tafi. Zaren kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, zafi da danshi na cin sa. Na'urar kallonsa ma an daina yi, kamfanin Funai na Japan ne na ƙarshe, ya tsaya a 2016. Ka nemi mai aiki tun ana samu, da 'yar na'urar kwafa da ke karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja, ta shiga kwamfuta ta USB. Ba a yi masa sauri, kaset na awa 3 sai ya ci awa 3. In ka gama ka ajiye kwafi a wuri biyu.

Zainab: Kuma ka leƙa ta tagar kaset ɗin. In ka ga fari-fari kamar gari a kan zaren, fumfuna ce, kada ka saka shi, zai ɓata kan na'urar ya shafa wa sauran. Batun biyan kamfanonin fim kuɗin wata kuma, ɗaya-ɗaya nake yi. In biya wannan wata guda, in kalli abin da ya kai ni, in soke, in koma wancan. Ka sa tunatarwa a waya, don su ba sa mantawa da cire kuɗinsu.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri. Na duba, ramin HDMI biyu ne, kuma Baba, eriya na nan daram. Kaset huɗu ne na iyali, ɗaya da alamar farin nan da Zainab ta faɗa. Wani abokina na da tsohuwar bidiyo, amma ya ce ta taɓa cinye masa zare. In aro?

Nura: Aro Malam, amma fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, ka tura gaba ka dawo baya, ka fitar ka duba gefen zaren ko ya yamutse. Mai fumfunar kuma ka ware shi a leda daban, sai ka sami wanda ya iya wankewa.