Ƙanina da ke karatu Yamai ya ce gida za shi dawo, ku ba ni shawara

Yayan Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina na munka kai karatu wata jami'a a Yamai, ko shekara bai cika ba amma kullum in ya kira waya magana ɗaya ce, shi dai gida za shi dawo. Wai malami na shigowa aji ya fara zuba Faransanci suna rubutawa kamar ana korar su, shi kafin ya gama layi ɗaya an wuce shi da uku, jarabawar farko ya samu 9 bisa 20, sannan kuɗin da nika tura mishi ba su kai ƙarshen wata alhali nan gida da kuɗin nan sai mutum ya riƙe iyali. Inna ta ce a bar shi ya dawo tunda ba dole, Baba ya ce ko kusa. Ni ina tsakiya. Waɗanda sunka yi karatu can don Allah mi kuka gani?

Tsohon ɗalibi, Argungu:
Wa alaikumussalam babban yaya. Ka fara kwantar da hankalin Inna, 9 bisa 20 ba faɗuwar da za a ɗaure kaya ba ce. Can maki 10 shi na tsira, malamansu kuma ba su da kyautar maki, wanda ya samu 14 gwani ne, kuma akwai zama na biyu da ake ba wanda bai kai ba, ratarafaj suka ce mishi. Amma bari in gaya maka ainihin ciwon, Hausa ce ke cutar ƙaninka. Yamai ko garin Zabarmawa ne Hausa na ci ko'ina, kasuwar Katako, Wadata, wurin mai tasi, mai shayi, sai yaro ya wuni bai yi Faransanci ba sai cikin aji, ya dawo ɗaki kuma abokan kwanansa duk 'yan Najeriya. To ta ina harshe zai shiga? Ni sai da na raba ɗaki da wani ɗan Chadi da bai jin Hausa ko kaɗan sannan bakina ya buɗe, don dole ko gishiri zan ara sai da Faransanci. Ya samu wanda ya fi shi saurin hannu ya dinga aron littafinsa yana kwafa da dare, ya dinga kallon labaran Télé Sahel, gidan talabijin na Nijar, ko bai gane ba, kunne ke fara ji kafin baki.

Ɗan Kamba:
Ni ban yi boko can ba amma hanyar Kamba zuwa Gaya, Doso har Yamai ita ce sana'ata. Maganar kuɗi yaron bai yi maka ƙarya ba. Sefa ɗaure take da yuro, yuro 1 sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi, naira ce ta sauka bayan da anka sake ta a 2023. Ka daina yanke mishi kuɗin wata da naira, ku zauna ku lissafa haya, ci da mota da sefa, abin da ya kama ka canza ka tura. Kuma ka tambaye shi ko ya iya lissafin dala, don can dala ɗaya sefa 5 ce, in mai shago ya ce ɗari to 500 yake nufi, jaka kuma 1000. Baƙi da yawa nan suke ruɗewa, su yi ta ciniki ba su san nawa suka sallama ba.

Maman Yara, Jega:
Ɗana, ni tambayata ɗaya, yaron nan yana girki? In kullum sai ya sayi burodi da kafe da safe, shinkafa da rana, tsire da dare, ko nawa ka tura sai sun ƙare. In mota za ta tafi ku ɗora mishi gero, shinkafar Kebbi, garin kuka, daddawa, yaji da ƙuli-ƙuli, ku sai mishi ɗan risho ko ƙaramin gas. Dambun zogale ma ga shi nan kowane lungu da arha kuma yana riƙe ciki. Sannan ku dinga kiran shi ba sai shi ya kira ba, wani lokacin kewa ce kawai take sa yaro ya ce karatu ya yi wuya.

Malamin Sakandare, Gusau:
Duk abin da anka faɗa gaskiya ne, amma ni ban yarda a ce dole sai ya zauna ba kafin a duba abu ɗaya. Ka tabbatar makarantar tana cikin waɗanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke amincewa da su, don sai sun tantance takardarsa kafin ya je bautar ƙasa. Ka tuna a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, yara nawa sunka shiga uku. Kuma tsarinsu digirin farko shekara 3 ne, lisans, ka tambaya tun yanzu yadda za a lissafa mishi shi nan gida. In makarantar na da kyau ya daure, in babu to gara Inna ta yi nasara tun kuɗi ba su ƙara tafiya ba.

Tsohon ɗalibi, Argungu:
Malam ya kawo magana. Ƙari kuma, tun da Nijar ta fita ECOWAS a Janairun 2025 kada ya yi wasa da takardu, fasfo da katin makaranta su kasance jikinsa in zai fita, musamman kan hanya.

Yayan Ɗalibi, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Na kira shi yanzu, ashe su huɗu ne ɗaki ɗaya duk 'yan Kebbi kuma ko tukunya ba su da ita. Mama, kayan abinci za su bi mota ranar Asabar in sha Allah. Malam, maganar tantancewar nan sai an je Abuja ko ana iya dubawa ta intanet?