Neman shawara: kwana a tanti da yara a bakin teku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Gwale cikin birnin Kano, na yi wa 'ya'yana uku alkawarin kai su ganin teku a hutun Disamba. Iyakar babban ruwan da suka taɓa gani shi ne madatsar Tiga, kuma 'yar autarmu mai shekara 5 kullum sai ta tambaye ni ko teku ya fi Tiga girma.

Za mu bi ta Zariya, Kaduna da Abuja, mu kwana a Lokoja don ba na son tuƙin dare da yara, washegari mu kama hanyar Legas har Badagry.

Inda na maƙale shi ne tantin. A tsakar gida ya tsaya cak, don ƙasarmu tana da tauri. Amma da na gwada shi a kan tulin yashin gini na maƙwabcinmu, iska kaɗan ta tumɓuke ƙusoshin. To ina ga iskar teku cikin dare? Wani ya ce in binne buhunan yashi in ɗaure igiyoyin a jikinsu. Wanda ya taɓa yi, yana riƙewa kuwa?

Maman yara ma hankalinta bai kwanta ba, saboda ta ji ruwan teku yana hawa yana sauka. Taku nawa za mu ja baya daga inda igiyar ruwa ke kaiwa?

Don Allah wanda ya san wuri mai masu gadi a Badagry da ake barin iyali su kwana, ya taimaka mini.