Da ruwan ciki ake jan na rijiya: ushiri ake nufi?

Ɗan Aboabo: Jama'a, wani mai wa'azi a nan Kumasi ya karanta mana Malakai 3:10 a Littafi Mai Tsarki, ya ɗora da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wai sai ka fitar da ɗaya bisa goma kafin a buɗe maka tagogin sama. Haka ma'anar karin maganar take?

Inna Mai Koko: Ɗana, ya juya ta. Ruwan ciki shi ne wanda ka sha, ya ba ka ƙarfin jan guga. Dubi yarinyar da ke dako a kasuwar Kejetia, kwano a ka tun asuba. 'Yan sidin da ta samu ta ci abinci, ta biya wurin kwana. Me ya rage da za a ce ta kawo?

Malamin Lahadi: Inna, kin yi gaskiya a kan karin maganar. Amma ushiri ya girmi Shari'ar Musa, tun Ibrahim ya ba firist Malkisadik a Farawa 14. A Matiyu 23:23 ma Yesu ya tsauta wa Farisiyawa don sun bar adalci da jinƙai, bai ce su daina ushiri ba.

Telan Asawase: Malam, daga ganimar yaƙi Ibrahim ya bayar. Littafin Ƙidaya 18 ya ba Lawiyawa ushiri ne don ba su da gadon ƙasa, Haikalin da suke wa hidima kuwa Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 miladiyya. Abin da ke ci mini rai, ba a karanta mana Maimaitawar Shari'a 14:28-29. A can, duk shekara ta uku Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa ne ke cin ushirin su ƙoshi. Ashe yarinyar da Inna ta ambata cikin masu karɓa take. Bulus ma cewa ya yi kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba, 2 Korantiyawa 9:7.

Maƙwabcinku: Ni Musulmi ne, a gafarce ni. A wurinmu zakkar kuɗi ɗaya cikin arba'in ce, sai dukiya ta kai nisabi, shekara ta zagayo.

Malamin Lahadi: To wa zai biya kuɗin wutar coci, ya ciyar da fasto da iyalinsa?

Inna Mai Koko: Mu masu rumfa, Malam. Ni ina fitar da nawa duk wata, da murna. 'Yan dako ne nake roƙo a daina tsorata su da la'ana.