Dafa jatan lande da ƙaguwa irin na Luwiziyana: abin da aka tattauna

A wata tattaunawa kan yadda ake wannan dahuwa, kusan kowa ya yarda cewa jeren zuba kayan haɗi a tukunya ne sirrin wannan girki na jihar Luwiziyana da ke kudancin ƙasar Amurka. A fara tafasa ruwa a babbar tukunya da gishiri, barkono, tafarnuwa, albasa da lemun tsami. Dankalin Turawa ke fara shiga, sai masara da ƙaguwa. Jatan lande a ƙarshe, minti 3 ya ishe shi, in ya wuce haka yana tafasa sai ya yi tauri.

Wasu suka ce a kashe wuta a bar komai cikin ruwan kamar minti 15 don yaji ya ratsa, ni ma can na karkata. Tsiran da mutanen Luwiziyana ke sakawa a girkin galibi na alade ne, sai a musanya da na shanu. Kafin a dafa wa taro, a tambaya ko akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar jatan lande.