Shawarwari ga matashin da zai tafi aikin bishara ƙasar waje

A wani zama na matasan coci a Tawa, waɗanda suka taɓa zuwa aikin bishara na 'yan makonni sun ba masu shiri shawara. Takardu tukuna: fasfo, katin allurar shawara, a kuma binciki dokar shiga ƙasar, tunda Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2025.

An fi daɗewa kan zama da masu masauki. Faston can ya fi ka sanin mutanensa. In ya ce yau sharar ɗakin marasa lafiya za a yi, ɗauki tsintsiya, wa'azi ya jira. Kada a ɗauki hoton yara sai da yardar iyayensu, wannan kam ya dace a nanata. Alkawarin aiko kuɗi kuwa, wanda bai da tabbas ya kama bakinsa.